Daniyel da Esta: hanyoyi biyu na riƙe amanar Allah a baƙuwar ƙasa

Daniyel, Bayahude da aka kai bauta Babila, bai taɓa ɓoye addininsa a can ba. Ya ƙi abincin sarki da ruwan inabinsa, ya roƙi ganyaye da ruwa. Da aka hana roƙon kowa sai Sarki Dariyus, ya hau bene, tagogi a buɗe suna fuskantar Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana yadda ya saba, har aka jefa shi ramin zakoki.

Labarin Esta, Bayahudiyar da ta zama sarauniyar Farisa, ya fi taɓa min zuciya. A fadar Shushan ta ɓoye asalinta bisa umarnin Mordekai, ɗan'uwanta da ya rene ta, asirinta a rufe. Da Haman, babban bafaden sarkin Farisa, ya ƙulla makircin hallaka Yahudawa, ta yi azumin kwana uku, ta shiga wurin sarki ba a kira ta ba, alhali kisa ne hukuncin hakan.