WordPress da MariaDB a gidan jaridar Zamfara: sun biya, amma a kula da haruffa masu ƙugiya

Jaridar da labaranta na shekaru suke warwatse a fayilolin Word da CorelDRAW, ko a wani tsohon rumbun bayanai na MySQL, za ta iya komawa WordPress, manhajar wallafa labarai a intanet, a kan MariaDB, manhajar rumbun bayanai, ba tare da sayen lasisi ba. Kuɗin hayar saba (server, kwamfutar da ke ɗauke da shafin a intanet) ne kawai da ladan mai aiki. Ga ƙaramin gidan jarida a Gusau ko Ƙauran Namoda wannan haɗin ya wadatar: wakili ya rubuta, edita ya duba, sannan a saki labari, kowa da iyakar ikonsa.

Inda aiki ke lalacewa shi ne wajen kwashe tsohon rumbu. Da yawansu an kafa su ne a kan tsarin ajiye haruffa na latin1, wanda bai san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Shi ya sa bayan ƙaura za ka ga “ƙasa” ta koma “Æ™asa”. Wannan yana gyaruwa, domin harafin na nan, karanta shi ne aka yi ba daidai ba. A fitar da rumbun zuwa fayil da mysqldump, manhajar kwashe rumbu, a matsayin latin1, a sauya shelar tsarin da ke cikin fayil ɗin zuwa utf8mb4, tsarin da ya san haruffa masu ƙugiya, sannan a zuba a sabon rumbu. WordPress na aiki da utf8mb4 tun fitowar 4.2 a 2015. Kada a juya teburan rumbun zuwa utf8mb4 kai tsaye, don hakan yana dasa ɓarnar dindindin. Inda kuwa harafin ya riga ya zama alamar tambaya, ya tafi ke nan, sai an koma wa bugun takarda. A gwada komai a kan kwafi tukuna.

Binciken WordPress shi ne babban rauninsa. Yana bin labarai ɗaya bayan ɗaya, don haka yana nauyi idan sun kai dubbai masu yawa. Ga shi mai karatu a waya yakan rubuta “kasa” alhali “ƙasa” yake nufi, rumbun kuma haruffa biyu daban yake ganinsu. Maganin shi ne a ƙara gurbi na musamman mai ɗauke da rubutun ba ƙugiya, a ɗora masa fihirisa, bincike ya riƙa bi ta nan. Jaridar Hausa da ta tsallake wannan ta rufe wa masu karatunta rabin taskarta.

Tsofaffin adireshin labarai a juya su da lambar 301, mai tura mai karatu zuwa sabon adireshi, kada waɗanda aka yaɗa a Facebook su mutu. Hotuna a rage su zuwa WebP, tsarin hoto mara nauyi wanda WordPress ya karɓa tun 2021, saboda masu ƙaramar data.

Sai ajiya. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara, kuma duk wanda rumbunsa ke intanet kaɗai ba shi da hanyar taɓa shi daga cikin jihar. Don haka kwafi uku ake so: na saba, na wata ma'ajiya daban a intanet, da na faifai a ofis, a kan kwamfuta mai inbata saboda ɗaukewar wuta. Duk wata a ɗauki kwafi guda a zuba shi a rumbun gwaji, a buɗe labarai goma a duba ƙugiyoyinsu da hotunansu.