ADS1115 guda biyu, ɗaya kaɗai ne na gaskiya

Duk wanda ya taɓa jona shant (ɗan ƙarfen da ake auna wutar da ke wucewa da shi) mai amfiya 50 kai tsaye da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta) ya san takaicin. Shant ɗin milibolt 75 yake bayarwa in ya kai maƙura, shi kuwa Uno mai bit 10 ne, taki ɗayansa kusan milibolt 4.9 a kan bolt 5. Ke nan sai amfiya uku su wuce lambar ba ta ko motsa ba. Ni kuma ɗan kuran da ke zurarewa daga batirin sola da dare nake son gani, lokacin da fanka da fitila kawai ke aiki. Shi ya sa na yi saƙon ADS1115, ɗan allo mai bit 16 da ke auna bolt ya miƙa wa Uno lambar, guda biyu daga Kano, ta hannun mai shagon da nake sayen waya da dalma wurinsa nan Damagaram.

Na farkon, tubarkalla. Wayoyin sadarwarsa, SDA a A4, SCL a A5 na Uno, ya amsa a adireshinsa 0x48 ba gardama. Na sauke shi zuwa ma'aunin bolt 0.256, inda taki ɗaya yake maikrobolt 7.8, wato miliamfiya 5 a shant ɗina. Cajar salula kaɗai na soka, lambar ta hau. Da rana in sola na cika batir sai ta koma ƙasa da sifili, tunda bambancin ƙafafunsa A0 da A1 nake karantawa. Shi ne ma ya tona asirin inbata, ashe ko ba a kunna komai ba tana nan tana tsotsa. A ranar har na ce wa abokan ɗaki kowa ya je ya saya.

Sai na ɗauko na biyun don batirin shagon ƙanena. Allo iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, amma lambobin sai tsalle suke: 16, 32, 48, ba ko ɗaya a tsakani. Na murɗe wayoyin tare, na rage tsawonsu, na sake dalma, shiru. Na sa shi karatu 8 a daƙiƙa don ya natsu, sai ya riƙa zuba kamar ba da shi nake ba. Wannan halin ADS1015 ne, ɗan'uwansa mai bit 12: bit huɗu na ƙarshe kullum sifili, kuma saurinsa mafi ƙanƙanta karatu 128 ne a daƙiƙa.

Na koma shago da shi. Na ce, "Alhaji, wannan ba shi ba ne." Ya juya shi ya ce, "Haba Malam, ai leda ɗaya suka zo, kuma ga shi kai da bakinka ka ce yana kamawa." Kuɗi dai ba su dawo ba, wai zai yi wa na Kano magana.

Tsakani da Allah ba na zubarwa ba ne. Takinsa maikrobolt 125, ya fi Uno gani kusan sau 40, kuma don sanin ko batir na cika ya wadatar da ƙanena. Amma kuɗin bit 16 na biya! Abin da ya fi ci mini rai, shekaranjiya na bi ta shagon sayen fis, sauran suna nan rataye da sunan ADS1115, farashin ko dala bai sauka ba, kuma har yau na Kano bai amsa ba.