Distiributa na yoyon baƙin mai: roba za a saya, ko sil, ko a sauya shi gaba ɗaya?

Motocin da ke amfani da distiributa wajen raba wuta ga fulogai har yanzu suna da yawa a titunanmu, musamman Honda Accord ƙirar 1990 zuwa 2002, wato daga Hala har zuwa Baby Boy, da Toyota Camry ta 1992 zuwa 1996, da Corolla ta wannan zamani. A cikin waɗannan injuna, distiributa yana maƙale ne a gefen kan inji, inda ƙarshen kamshaf ke juya shi, kuma wurin kullum cikin baƙin mai mai zafi yake. Abubuwa biyu ne suke tare man. Na farko robar zobe ce da ke kewaye da wuyan distiributa daga waje, daidai inda yake shiga cikin inji. Na biyu ƙaramin oyil sil ne da ke can ciki, yana rungume da sandar da ke juya rota. Mutane da yawa suna asarar kuɗi saboda sun tafi kasuwa ba su san wanne daga cikin biyun ya mutu ba.

Gane bambancin ba shi da wuya. A kwance murfin distiributa a duba cikinsa. Idan ciki a bushe yake, amma mai yana tsatsowa ta ƙarƙashin wuyan yana gangarowa kan giyabos, robar waje ce ta bushe. Idan kuwa an ga mai ya taru a ƙasan murfin, ko ya jiƙa rota da wayoyi, to sil ɗin ciki ne, kuma sauya robar waje sau goma ba zai tsayar da shi ba. Kafin a yanke hukunci, yana da kyau a wanke wurin tas a yi tafiya ta kwana biyu, domin gasket ɗin murfin saman inji yana dab da wurin, kuma a Honda masu irin injin da ake kira VTEC akwai wani gasket na solenoyid a kusa, duk suna iya zubo mai ta hanya ɗaya a ɗora wa distiributa laifi.

Idan robar waje ce, zaɓin yana tsakanin ta kamfani da wadda ake tsinta a cikin akwatin robobi iri-iri da ke kowane shago. A nan ne nake ganin arha ba ta da amfani, domin ita kanta ta kamfanin ba tsada gare ta ba idan aka kwatanta da kuɗin aiki da man da ake ƙarawa kowane mako. Yawancin robobin akwati da wani nau'in roba mai suna naitiril ake yin su, wanda juriyarsa ga zafi ba ta wuce digiri 100 zuwa 120 a ma'aunin Selshiyos ba, alhali robar Viton tana kaiwa wajen digiri 200. Injin da ke wuni cikin cunkoso a watan Afrilu yana gasa ƙaramar roba har ta ƙandare, ta baje, wani lokaci ma idan an zo cire ta sai ta kakkarye a hannu kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Kada a dogara da launi wajen gane Viton, domin akwai baƙa akwai mai ruwan ƙasa, kuma masu jabu sun iya rini.

Girma ma abin lura ne. Kamfanoni biyu ne suka riƙa ƙera wa Honda distiributa, TEC da Hitachi, kuma robarsu ba ɗaya ba ce. Lambar da ke jikin na TEC tana farawa da TD, ta Hitachi kuma da D4T. Robar da ta dace da yawancin na TEC tana da lamba 30110-PA1-732, faɗinta na ciki milimita 26.4, kaurinta 3.1. Wadda ta gaza wannan kauri ko da kaɗan za ta shiga cikin sauƙi, makanike ya ji daɗi, amma bayan ɗan lokaci yoyon ya dawo; wadda ta fi kauri kuwa bakin ramin zai yanke ta wajen turawa. Gwada sabuwa da tsohuwa da ido ba ya wadatarwa, tunda tsohuwar ta riga ta sauya siffa. Game da cusa gam a wurin, wanda wasu ke yi don gudun zuwa kasuwa, ba gyara ba ne, kuma ɓarɓashin gam ɗin yana iya faɗawa cikin hanyoyin mai.

Sil ɗin ciki shi ne inda shawara ke da nauyi, domin galibi kamfanin motar ba ya sayar da shi shi kaɗai. Ana samun sa daga masu ƙera sil irin su NOK, ko a cikin ƙunshin gyara da ke haɗe da robar waje da boris. Aikin yana buƙatar a fitar da fil ɗin da ke riƙe da haƙorin ƙarshen sanda, a zare sandar, a ciro tsohon sil ba tare da an kankare mazauninsa ba, sannan a mayar da komai yadda yake, kuma ba kowane gareji ne ke da haƙurin wannan ba. Kafin a sayi ƙunshin, a kama sandar a girgiza ta gefe da gefe. Idan tana wasa, ko an ga jar ƙura mai kama da tsatsa a ciki, boris ya tafi, kuma sabon sil ba zai daɗe a kan sanda mai rawa ba. Haka nan idan leɓen tsohon sil ya ci rami a jikin sandar har farce yana maƙalewa a ciki. Amma in sandar lafiyarta ƙalau, wannan shi ne zaɓin da na fi so, saboda mai mota ya tsira da kwayil da na'urorin asali na kamfani, waɗanda samun irinsu yau ba ƙaramin aiki ba ne.

Idan sandar ta ci, sai a koma ga sauya distiributa ɗungurungum, ko dai ɗan Baljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko kuma sabo na kwali wanda ba na kamfanin asali ba. Ɗan Baljiyam kayan asali ne, sai dai shekarunsa ɗaya da wanda aka cire, don haka sil ɗinsa ma ya tsufa. A buɗe murfinsa a gaban mai shago, a duba alamar mai, a juya sandar a ji ko tana ƙara, a kuma yi sharaɗin dawowa da shi idan bai yi ba. Wanda aka wanke cikinsa da fetur yana ƙyalli ya fi cancantar a yi masa tambaya. Sabo na kwali yana zuwa da sil sabo, amma ingancin kayan wutar cikinsa ya bambanta ƙwarai daga wannan kamfani zuwa wancan, kuma idan na'urar kunna wuta ta mutu mota tsayawa take yi nan take. Wanda ya sayi irin wannan, ya ajiye tsohon kwayil da na'urar kunna wuta, kada ya bar su a gareji. Ko wanne aka zaɓa, lambar jiki da yawan ƙafafun soket su zo daidai, a kuma lura ko kwayil ɗin na ciki ne ko na waje.

Jinkirin gyara yana jawo wani kashe kuɗin. A Honda akwai tiyon ruwa da ke bi ta ƙarƙashin distiributa, kuma man da ke ɗiga a kansa yana kumbura shi har ya fashe. Idan an matsa shi an ji ya yi laushi, a saya tare da robar. A duba bawul ɗin PCV ma, wato bawul ɗin da ke fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji, domin idan ya toshe iska tana taruwa a cikin inji ta tura mai ta kowace kafa, har ta kan sabon sil.

Wajen ɗaurawa, a sa alama tsakanin jikin distiributa da kan inji kafin a kwance notuka, a shafa wa sabuwar roba baƙin mai mai tsabta, a mayar da wayoyin fulogi bisa tsarin 1-3-4-2 idan injin mai silinda huɗu ne. Haƙorin distiributan Honda a karkace yake, ta fuska ɗaya kawai yake zama, saboda haka idan ya ƙi shiga a juya rota, kada a ja shi da noti. Idan distiributa ne aka sauya gaba ɗaya, a injunan da ake saita tayimin ɗinsu da hannu, wato lokacin ba fulogai wuta, tsohuwar alamar ba ta isa ba, sai an saita tayimin da fitilarsa, kuma ya kamata a tambayi makanike ko yana da ita tun kafin a yi cinikin aikin.