Barolo da Barbaresco: inabi ɗaya, tudu daban

Ƙanena, barka da isowa ƙasar Alba ta Italiya, Allah ya sa ka zo a sa'a. Ka ce an yi maka tayin aikin tsinkar inabi a wuri biyu, Serralunga da Neive, kana kuma ta jin ana cewa waccan gonar giyar Barolo ce, wannan ta giyar Barbaresco, alhali da ka duba 'ya'yan kamarsu ɗaya. Kana son sanin abin da ya raba su, da dalilin da ya sa kuɗinsu ba ɗaya ba. Na yi kaka biyar ina aiki a tuddan nan. Ni Musulmi ne, giya ba ta taɓa shiga bakina ba, saboda haka zancen ɗanɗano daga bakin masu gona da masu kula da ganguna na ɗauko shi. Ƙasa da kuranga kuwa, hannuna ya san su.

Idonka bai ruɗe ka ba. Iri ɗaya ne, sunansa Nebbiolo, kuma doka ba ta yarda a haɗa shi da wani iri ba, ko a Barolo ko a Barbaresco. Ana danganta sunan da nebbia, wato hazo a Italiyanci, don lokacin tsinkarsa a watan Oktoba hazo kan kwanta a kwaruruka da safe har ka ga ƙauyuka kamar suna yawo a kan farin ruwa. Inabi ne mai wuyar sha'ani. Yana rigan sauran toho, yana kuma zama na ƙarshe wajen nuna, don haka sanyin bazara na iya ƙona tohonsa, ruwan ƙarshen kaka na iya ruɓar da shi. Ɓawonsa siriri ne, ruwansa ba shi da duhu, amma yana da tsami da bauri sosai. Idan ka taɓa tauna bagaruwa ka ji yadda take kama baki, to dangin sinadarin ke nan, wanda majema a Kano ke jima da shi. A ɓawo da ƙwayar inabin yake, shi ne kuma ya sa ba a sayar da giyar da wuri, sai ta yi shekaru ta yi laushi.

To ina suka rabu? Garin Alba na tsakiya. Barolo tana kudu maso yamma da shi, Barbaresco tana arewa maso gabas, a gaɓar kogin Tanaro. Tsakanin ƙauyen Barolo da ƙauyen Barbaresco bai kai kilomita 30 ba. Yankin Barolo ya ƙunshi ƙananan hukumomi 11, amma biyar ne suka ɗauki kaso mafi girma: Barolo kanta, La Morra, Castiglione Falletto, Serralunga da Monforte. Barbaresco kuwa uku ce kawai, Barbaresco, Neive da Treiso, sai wani ɗan yanki na Alba mai suna San Rocco Seno d'Elvio. Gonakin Barolo sun haura hekta 2,000, na Barbaresco kusan sulusin haka ne. Duka biyun sun sami rajistar DOC, shaidar asalin giya ta hukuma, a 1966, suka hau DOCG, matakin ƙoli a tsarin Italiya, a 1980. Duka biyun an hana su wuce tan 8 na inabi a hekta ɗaya. Shi ya sa a watan Yuli ko Agusta za ka ga ana yanke nonon inabi masu kyau ana zubarwa a ƙasa. Ranar da na fara gani zuciyata ta sosu, don a gida ba a zubar da amfanin gona. Daga baya na gane kamar rage tsiron gero ne a rami, domin waɗanda suka saura su yi ƙwari.

Bambancin da ya fi sauƙin riƙewa na lokaci ne. Barolo sai ta yi wata 38 a ajiye, ana ƙirgawa daga 1 ga Nuwamba na shekarar girbi, kuma 18 daga ciki a gangar katako. Barbaresco wata 26 ne, 9 a katako. Wadda aka rubuta wa Riserva, wata 62 ce a Barolo, 50 a Barbaresco. Inabin da aka tsinka a Oktoban 2021, misali, na Neive ya iya shiga kasuwa a Janairun 2024, na Serralunga sai Janairun 2025. Shekara guda cur kuɗin mai gona na kwance a ganga, kuma wannan yana cikin abin da mai saye ke biya. Mafi ƙarancin ƙarfin barasa ma akwai ɗan rata, kashi 13 cikin 100 a Barolo, 12.5 a Barbaresco.

Amma doka bin ƙasa ta yi, ba ƙasa ce ta bi doka ba, kuma nan ne nake son ka tsaya. Duk tuddan Lange, wato wannan yanki namu, a da can ƙarƙashin teku suke. Laka da yashi da farar ƙasa mai kama da alli suka yi ta kwanciya shekaru miliyoyi, daga baya ƙasar ta ɗago. Kwancen ba iri ɗaya ba ne ko'ina. A Serralunga da wani sashe na Monforte ƙasar ta fi tsufa, ana kiranta Lequio, fara ce, mai tauri, ba ta da ƙiba, kuranga na wahala kafin ta sami abinci. 'Ya'yan kan fito ƙanana, baurinsu mai tsanani, giyarsu kuma masana na cewa kan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ta sake. A La Morra da ƙauyen Barolo ƙasar ta fi ƙuruciya, laka ce mai launin toka da ɗan shuɗi da ake kira Sant'Agata, tana riƙe ruwa, giyarta ta fi ƙamshi da saurin laushi. Kwari ɗaya ne kawai ko biyu tsakaninsu, kana tsaye a nan kana hango can.

Yanzu ka duba Barbaresco. Yawancin tuddanta wannan lakar Sant'Agata ce, irin ta La Morra. Tuddan sun fi gajarta, ƙauyen Barbaresco bai kai mita 300 daga doron teku ba, alhali La Morra tana wajen mita 500. Ga kuma kogin Tanaro a ƙasa yana sassauta yanayi. Saboda haka inabi kan riga na Barolo nuna da 'yan kwanaki, baurinsa bai kai na can kaifi ba, bai kuma bukaci doguwar ajiya ba. Dalilin wata 26 maimakon 38 ke nan. Sai dai Treiso ta fi tsawo da sanyi, akwai kuma ƙasar Lequio a wasu sassanta, har giyarta kan yi tsami fiye da ta maƙwabta.

Abin da na fahimta bayan waɗannan shekaru shi ne, tazarar da ke tsakanin La Morra da Serralunga, waɗanda duka sunansu Barolo, tana iya fin tazarar da ke tsakanin La Morra da Barbaresco. Ana yawan cewa Barolo sarki, Barbaresco sarauniya, ɗaya mai ƙarfi ɗaya mai taushi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma maganar ta yi faɗi. Manomin gida ba ya cewa gonar Katsina ko gonar Zariya ya yi shiru, sai ya tambaya jigawa ce ko fadama. Mutanen nan ma haka suke. Ba za ka ji tsohon manomi yana dogon zance kan Barolo ba, sunan gangaren zai kira maka: Cannubi, Brunate, Bussia, Vigna Rionda a ɓangaren Barolo, Asili, Rabajà, Montestefano, Ovello a na Barbaresco. Hukuma ta zo ta shata iyakokin waɗannan wurare a rubuce, kuma a nan Barbaresco ce ta riga, da sunaye 66 a 2007, Barolo ta biyo da 181 a 2010. Idan ka ga suna na biyu a jikin kwalba, sunan gangaren ne.

Kalmomi biyu za ka ji kullum a gona. Bricco shi ne ƙoƙuwar tudu. Sorì shi ne gangaren da ke fuskantar kudu, wanda rana ke duka tun safe. Wani dattijo da na yi wa aiki ya ce iyayensu ba su da na'urar auna komai, sai su jira hunturu su ga inda dusar ƙanƙara ta fara narkewa, nan suke ba Nebbiolo. Sauran wurare sai a ba wasu irin inabi, Barbera da Dolcetto, gefen da ke kallon arewa da ƙasan kwari kuma a shuka itatuwan nocciola, 'ya'yan da kamfanin Ferrero na Alba ke yin Nutella da irinsu. Yanzu da zafi ke ƙaruwa, na ji masu gona da yawa na cewa sorì kan yi zafi fiye da kima a wasu shekaru, har sun fara daraja wurare masu tsawo da a da ake rainawa.

Batun suna da kuɗi kuwa tarihi ne. Barolo ta taso a hannun manya a ƙarni na 19: Giulia Falletti, matar mai sarautar Barolo, Camillo Cavour, wanda ya riƙe ƙauyen Grinzane kafin ya zama firaministan farko na haɗaɗɗiyar Italiya a 1861, da gidan sarautar Savoya, waɗanda suka mallaki gonaki a yankin. Daga nan kirarin giyar sarakuna ya samo asali. Barbaresco ba ta da irin wannan gata. Manomanta sukan sayar da inabinsu ne a yi Barolo da shi, har 1894, lokacin da Domizio Cavazza, shugaban makarantar koyon aikin inabi ta Alba, ya haɗa wasu masu gona suka kafa ƙungiya suka fara sa sunan ƙauyensu a kwalba. Ƙungiyar ta rushe a zamanin Musolini. A 1958 limamin cocin ƙauyen, Don Fiorino Marengo, ya sake tara manoma 19 suka kafa Produttori del Barbaresco, don talauci na korar matasa zuwa masana'antun Turin. Tana nan har yau, kuma ina jinjina mata ƙwarai, domin ta nuna ƙananan manoma na iya haɗa kai su yi abin da duniya ke girmamawa. Sai Angelo Gaja, wanda ya shiga harkar giya ta gidansu a 1961, da Bruno Giacosa na Neive, suka kai sunan Barbaresco kasuwannin waje. A jimlace Barolo ta fi tsada, hekta ɗaya a gangare mai suna ana maganar miliyoyin Yuro, amma akwai kwalaben Gaja da suka fi yawancin Barolo kuɗi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma hannun mai yi, wanda kan ruɗa lissafin duka. A da ana barin ɓawo a cikin ruwan inabi makonni, sannan a zuba a manyan gangunan da ake kira botti, masu cin dubban lita. A shekarun 1980 wasu matasa suka kawo salon Faransa: gajeren jiƙo da ƙaramar ganga mai lita 225, barrique, wadda ke ba giya ƙamshin sabon katako. Rigimar ta raba gidaje. Elio Altare na La Morra ya sa zarto mai inji ya yanka tsofaffin gangunan mahaifinsa a 1983, mahaifin ya cire shi daga gado. Bartolo Mascarello kuwa ya ƙi ƙaramar ganga har ya rasu a 2005. Yau ƙura ta lafa, yawanci sun tsaya a tsakiya. Kamannin giyar dai ɗaya ne a ɓangarorin biyu: ja mai haske da ke komawa kalar jan bulo idan ta tsufa, da ƙamshin da suke kwatantawa da furen wardi da kwalta.

Game da aikinka, ga yadda nake gani. Neive ana mata laƙabi da garin giya huɗu, don ban da Nebbiolo suna noma Moscato, Dolcetto da Barbera. Moscato kan fara tun ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, Dolcetto ya biyo, sai Barbera, Nebbiolo ya rufe. Idan gonar tana da duka, kwanakin aikinka za su yi yawa. Serralunga gangarenta ya fi miƙewa, farar ƙasar nan kuma idan ta sha ruwa santsi gare ta kamar sabulu, ka nemi takalmi mai haƙora kafin ka je. Tun da can tsinka kan ɗan yi jinkiri, wani lokaci mutum kan gama a Neive ya riski ƙarshen aiki a Serralunga, na taɓa yin haka sau biyu.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka ɗauki almakashi sai ka ga kwantiragi a rubuce, da sunan wanda ya ɗauke ka, kuma ka riƙa karɓar busta paga, takardar albashin wata, kana gwada ranakun da aka rubuta da waɗanda ka yi. A kakata ta farko wani ɗan tsakani ya kwashe mu a mota, ya rubuta mini rabin kwanakina, sai da na zo sabunta takardar zama na gane ɓarnar da ya yi mini. Wannan dillancin leburori suna kiransa caporalato, kuma doka mai lamba 199 ta 2016 ta tanadi hukunci ga ɗan tsakanin da kuma mai gonar da ya ci moriyarsa. Ka tambayi mutanen Neive ɗin ko su da kansu za su ɗauke ka ko ta hannun wani kamfani, ka kuma tambayi inda za ka kwana, don daga tsakiyar Oktoba sanyin dare a tuddan nan ba na wasa ba ne.