Shafin neman asali da ya haɗa ni zumunta da mutanen Japan

Tauraro biyu na yi niyyar ba masu wannan shafin neman asali da na zauna rubuta ra'ayina a kansa. Bari dai in faɗi abin da ya faru tukuna.

Kakata ta wajen uba, Hajiya, ta kai shekara 90 in lissafinmu bai kuskure ba. Tana da wa, ubansu ɗaya, wanda aka ɗauka soja lokacin yaƙin Hitila, aka kai shi ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, bai dawo ba. Ita a lokacin ko tallan goro ba ta isa yi ba. Babu hotonsa, babu takarda ko ɗaya, sai dai tun ina yaro nake jin "Yaya na Bama" a bakinta duk lokacin da za a raba sadakar Juma'a. Da ƙafa ta fara hana ta fita sai maganarsa ta yawaita. To ni kuma tallan wannan shafi ya addabe ni a Facebook, kun san shi, wanda ake nuna tsohuwar Baturiya tana hawaye don an gano mata kakanta. Na ce bari in gwada, ai ba a rasa nono a ruga.

Buɗe shafin kyauta ne, kuma gaskiya wurin jera nasabar yana da kyau. Ka sa sunanka, ka sa na mahaifinka, ka liƙa hoto, ya zana maka layi ya haɗa. Matsalar ta fara ne daga akwatin da suke kira sunan dangi, wato irin na Turawa da ake gada daga kaka zuwa jika. Mu ina muka ga wannan? Ni sunan mahaifina nake ɗorawa a bayan nawa, shi kuma na mahaifinsa, ƙanina da ya yi makarantar kwana sunan unguwarmu aka sa masa har yau shi ne a takardunsa. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma a idon kwamfuta ba mu haɗa komai ba. Ga kuma alkunya: sai da na yi kwana uku ina tambaya kafin na samu sunan yanka na kakan babana, don duk gidan Malam Babba ake ce masa, saboda an maimaita sunansa a 'ya'ya har huɗu. Akwatin ranar haihuwa shi ma haka. Hajiya ta ce an haifi Yayan nata shekarar marisuwa, sai na rubuta 1918. Babana shekarar zuwan Sarauniya, 1956. Wannan duk na yafe, ba laifinsu ba ne. Da na zo sa auren zumunci kuwa, inda kakata ta wajen uwa take 'yar ƙanin kakana na wajen uba, sai zanen ya cukurkuɗe kamar zaren da kaza ta shiga, mutum ɗaya ya fito wuri biyu.

Shi Yaya na Bama, wani dattijo a masallacinmu ya taɓa gaya mini cewa akawun soja na zamanin ba ya tsayawa tambayar sunan uba. Sunanka da garinku kawai: wane Kano, wane Zariya, wane Sakkwato. Sai na sa sunansa na yanka, a akwatin dangi na rubuta Kano.

Kwana biyu bayan nan, na dawo daga sallar isha'i, sai ga saƙon imel. Wai sun samo takardar hukuma da ta dace da mutumin da ke cikin nasabata, suna ya yi daidai, shekarar haihuwa ta yi daidai. Har da hoton takardar, amma an dusashe shi, sai ka yi rajista za ka gani. Rajistar wai gwaji ce ta kwana 14 kyauta, amma sai ka sa lambar kati. Katina na naira ya ƙi, kun san halin da ake ciki a lokacin. Na kira ƙanina da ke da katin dala, ya ce, "Yaya, babu komai a ciki, sai gobe in na saka."

A nan na yi wautar da har yanzu nake jin kunyarta. Maimakon in yi shiru har gobe, sai na tsallaka ɗakin Hajiya. Na same ta tana jan carbi.

"Amarya, albishirinki."

"Goro, in ka kawo kuɗin cefane. Kai da ba ka iya riƙon mace ba."

"An samo takardar Yaya na Bama."

Wasan ya tsaya nan take. Ta ajiye carbin a cinya, ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta tambaye ni ko a raye yake. Mutumin da aka haifa 1918! Na ce a'a Hajiya, takarda dai ce, gobe za mu gani. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawaye ne kawai, tana ta "Allahu Akbar, ashe da rabon in ji." Matata ta ce daren nan fitilar ɗakinta ba ta mutu ba. Kafin hantsi gwaggonnina biyu sun iso daga Fagge da Gwammaja, don ta sa an kira su tun asuba.

Ƙanina ya saka kuɗi, na yi rajista, na buɗe a tsakar gida mutum shida a kaina. Takardar ƙidayar Amurka ce ta 1940. Garin Honolulu, a tsibiran Hawai. Wani bawan Allah ɗan asalin Japan, da iyayensa da ƙannensa a jere, sunan danginsu Kano. Harafin farko na sunansa ne kawai ya zo ɗaya da na Yaya. Ashe Kano sunan dangi ne a Japan, har mutumin da ya ƙirƙiro wasan judo a 1882 sunansa Jigoro Kano. Wannan ilimin na saya da tsada.

Gwaggo Babba ta ce, "To karanta mana mana." Na rasa ta inda zan fara. Hajiya ta dube ni, ta gane tun ban buɗe baki ba. Ta ce a kama ta ta koma ɗaki, rana ta fara zafi. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na san za a ce ai ni na yi gaggawa. Na yarda. Amma ku duba yadda aka tsara saƙon. Ba su ce "wataƙila" ba a kan saƙon, sai can ƙasa da ƙananan haruffa. Na rubuta musu ƙasar haihuwa Nijeriya, na rubuta wurin rasuwa Bama. Kwamfutar da ta iya gano harafi ɗaya ya dace, ta kasa gano Honolulu ba ta cikin lardin Kano? Sun dusashe hoton ne don kada ka ga abin da za ka saya. Ko a Kurmi, mai turare yana barin ka shinshina.

Da haushin nan na rufe kwamfutar, ban sake buɗe shafin ba. Shi ne kuskure na biyu. Ranar da kwana 14 suka cika ƙanina ya kira ni, murya a sanyaye: "Yaya, alat na gani, sun cire na wata shida." Ba sai na faɗi nawa ba ne, ku lissafa da canjin yau. Kuɗin da ya tara ne na jarrabawar da zai rubuta. Na shiga neman wanda zan yi wa magana, babu mutum, sai wani akwatin hira da ke amsa kowace tambaya da jerin zaɓi huɗu. Da ƙyar na samu adireshin imel. Amsa ta zo bayan kwana biyar, da ladabi kamar gaske, wai sun fahimci damuwata, amma ƙa'idar da na sa hannu a kai ba ta ba da damar mayar da kuɗi ba, kuma suna taya ni murnar samun damar bincika biliyoyin takardu.

Tunda an riga an ci kuɗin, na ce bari in more. Kuma a nan dole in yi adalci. In kakanka Ba'amurke ne ko mutumin Ingila, wannan shafi taska ce. Su hukumarsu tana sakin takardun ƙidaya da sunan kowa da kowa: Amurka bayan shekara 72, shi ya sa na 1940 ya fito a 2012, na 1950 a 2022, Ingila bayan shekara 100, na 1921 ya fito a farkon 2022. Ga rajistar coci, ga jerin fasinjojin jiragen ruwa, ga hotunan duwatsun kabari. Na yi dare guda ina bin wancan gidan na Honolulu don son sani kawai, na ga sana'ar uban, na ga shekarar da ya sauka daga jirgi. Na san tarihinsu yanzu fiye da na gidanmu. Amma na rubuta Dala, na rubuta Gwarzo, na rubuta Bichi, ban ga komai da ya shafe mu ba. Namu yana bakin tsofaffi, da gefen littattafan malamai inda ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami, da fayilolin En'e da na lardi da ke jibge a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Sun san haka sarai, amma tallansu har wayata ya biyo ni a Kano. A nan tauraro ɗaya ya zube.

Abin da ya wanke ni a gida ba daga wurinsu ya zo ba. Wani abokina malamin tarihi ya yi ta dariya da na ba shi labari, sannan ya ce in shiga shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar da ke kula da kaburbura da sunayen sojojin da suka mutu ƙarƙashin tutar Ingila a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Babu kati, babu gwaji. Na sa Kano, na zaɓi yaƙi na biyu, sai ga su. Nigeria Regiment, rundunar Royal West African Frontier Force, kowa da muƙaminsa da lambarsa da bataliyarsa da ranar da ya rasu. Na canza na sa Zariya, na sa Katsina, na sa Bauci, suna ta fitowa. Tsigar jikina ta tashi. Sunayen da kake ji a layin masallaci ne.

Masu sunan Yaya sun fi ɗaya. Wannan karon na kama bakina. Na je na zauna wurin Hajiya kamar hira kawai, na ce ta ba ni labarin yadda aka ji rasuwarsa. Ta ce wani ɗan unguwarsu ne da ya dawo bayan yaƙi ya zo ya durƙusa a zauren mahaifinsu, ita tana leƙe ta bayan asabari. Ya ce su ba da ƙafa suka shiga dajin ba, a jirgin sama aka kai su tare da alfadarai, abinci ma daga sama ake jefo musu, kuma damina ce ta cinye su fiye da harsashi. Ta ce mutane sun ɗauka tsohon soja ne da ƙari, wai alfadari a jirgin sama.

Ba ƙari ba ne. Abokina ya ce ai Chindit ke nan, rundunar Janar Wingate da aka sauke a bayan layin sojan Japan a 1944. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma akasarinta kwarin Kaladan ta nufa, ta 82 ta biyo baya har suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945, amma birged ɗaya aka cire daga ta 81 aka ba Wingate, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Nijeriya. Barikin Chindit da ke Zariya, wanda na sha wucewa ta gabansa ban taɓa tambaya ba, daga nan ya samo suna. Na koma jerin. Cikin masu sunan, mutum ɗaya ne kawai ke ɗaya daga bataliyoyin nan uku, kuma ya rasu a 1944, cikin damina. Ba shi da kabari. Sunansa yana jikin ginin tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, tare da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda suke kwance ba.

Shafin yana ba da takardar shaida kyauta. Na kai shagon buga takardu aka buga mini mai kala, aka sa mata leda, kuɗin bai kai na kwanon shinkafa ba. Sai da na kwana uku da ita a aljihu kafin na iya shiga ɗakin. Na karanta mata a hankali, na fassara. Ta karɓa ta shafa ledar, ta juya ta, ta ce, "To wa ya yi masa salla?" Na ce Allah ne masani, Hajiya. Ta ce Juma'a mai zuwa a ƙara kwano biyu na gero a sadakar, a haɗa da sauran masu sunan, su ma ba a san ko suna da mai tuna su ba. Takardar tana ƙarƙashin matashinta.

Saboda haka tauraro ɗaya, na zanen nasabar ne, shi ma na kwafe shi a littafi mai bango mai tauri na rufe rajistar tun saura wata huɗu, na ɗauki hoton shaidar rufewar har sau biyu. Kuɗin ƙanina ina biya kaɗan-kaɗan, saura kashi ɗaya cikin uku. Saƙonninsu kuwa ba su daina zuwa ba, shekaranjiya ma wai sun gano mini wata 'yar uwa a Kalifoniya. Hajiya kuma ta samu abin tsokana. Duk safiya in na shiga gaishe ta, kafin ta amsa sai ta ce, "Angona, ya mutanen gidanku na Japan, sun aiko da goron Salla?"