Motar gayu mai ƙofa biyu: wadda zan saya a Garwa, da yadda nake kama mai yoyo ko matacciyar caja

Satin da ya wuce ƙanen matata ya shigo gida bayan la'asar, ko zama bai gama yi ba ya miƙo min waya. "Yaya, duba min waɗannan, wacce zan ɗauka?" Hotuna ne da wani dillali ya turo masa daga Duwala: BMW Z4, Nissan 350Z, Mercedes SLK, Mazda RX-8, sai wata Toyota Celica can ƙarshe wadda shi kansa bai tsaya kallonta ba. Duk sun sha wanki, sai ƙyalli suke kamar amare. Na ce masa Celica. Ya yi min kallon wanda ya nemi kilishi aka miƙa masa ƙuliƙuli.

Ban ga laifinsa ba, don ni ma da ido na taɓa sayen mota. Shekara biyar ke nan na ɗauki wata 'yar Turai mai ƙofa biyu a Ngaundere. Ba zan kama sunanta ba, domin laifin ba na maƙeranta ba ne, na mai sayarwa ne da kuma zumuɗina. Injin tas, ko ƙura babu. Ana murza makulli ta tashi. Na biya, na yi magariba, na kama hanyar Garwa. Ban yi tafiyar awa guda ba, ina cikin gangaren dutsen nan na Mbe, sai na ga fitilu sun fara ja kamar aci-bal-bal. Rediyo ya ɗauke. Allurorin gabana suka faɗi, injin ya yi tari sau biyu ya mutu, ga manyan motoci suna saukowa a bayana. A nan na kwana. Da aka jawo ta Garwa, tsohon makanikin da muke kira Baba ya kwance allon gaban direba ya nuna min: an cire ƙwan fitilar batir gaba ɗaya. Ya haska tocila ƙarƙashin murfin saman inji, ga baƙin mai yana ɗiga kai tsaye kan alternato, wato cajar mota. Mai ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama taɓo a ciki, gawayin da ke gugar tagulla ya maƙale. "Ɗana," in ji Baba, "batir aka cika maka da wuta aka sayar maka, motar kyauta ce."

Tun daga ranar, abu biyu nake fara dubawa a kowace mota ta hannu: shin tana caji, kuma ina take zubar da mai. Sau da yawa ciwon ɗaya ne.

Dalilin da ya sa na tsaya kan Celica, samfurin da aka yi daga 1999 zuwa 2006, shi ne injin da ke cikinta. Ana kiransa 1ZZ-FE, lita 1.8, ƙarfinsa wajen doki 140. Irinsa ne a cikin Corolla da Avensis da yawa na wancan zamani, da Matrix da Pontiac Vibe da suka cika Najeriya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ke zaune a Garwa ko Marwa ko Kusiri. In cajarta ta mutu da safe, kafin azahar yaron shago ya nemo maka wata, ko a yi maka saƙo daga Mubi ko Yola. Cajar tana gaba, a sama, hannu yana kai mata ba sai an tuɓe wa motar rabin jiki ba. Injin yana aiki da sarƙa ne a ciki, babu robar da za ka riƙa ƙirga mata kilomita. Kuma yana haƙuri da fetur ɗinmu, wanda duk mun san wani lokaci daga kwalbar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu na bakin hanya, yake fitowa. Baƙin man da ake zuba mata a kowane juye bai kai lita huɗu ba.

Tana da nata aibun, ba zan ɓoye ba. Injinan shekarun farko sun yi suna wajen shan baƙin mai, saboda zoben fistin da ƙananan ramukan da mai ke komawa ta cikinsu suna toshewa. Wannan ba yoyo ba ne, ƙonewa man yake yi, ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba, sai dai sandar auna mai ta nuna maka ya ragu. Ka sa wani ya taka mata wuta bayan ta daɗe a tsaye tana aiki, kai kuma ka tsaya a baya. Hayaƙi shuɗi, ka gode wa mai ita ka tafi. Yoyonta na gado kuwa a bayan inji yake, ta gefen fanbel, inda abin da ke ɗaure sarƙa yake shiga. Wata 'yar zoben roba ce ke bushewa. Noti biyu ne, aikin ƙasa da awa ɗaya. Da a ce duk yoyon mota haka yake da makanikai sun koma noman auduga.

Akwai babbar yayarta mai inji 2ZZ-GE, wanda Toyota ta yi tare da Yamaha, doki 180 zuwa 190, wadda in injinta ya haura juyi 6,000 a minti sai ta canza murya. Daɗi kam akwai. Amma tana son fetur mai kyau, kuma kayan cikinta ba na Corolla gama-gari ba ne. In ba ka da tabbacin inda kake shan mai, ka bar ta.

Sauran fa? Z4 mai silinda shida tana da gasket a gindin gidan filtar mai wanda ke yoyo in ya tsufa, kuma cajar dab da wannan gidan take, ka ga mai da caja maƙwabta ne na jini. SLK ta farko, ta 1996 zuwa 2004, mai kan bi ta wani maganaɗisu da ke gaban inji ya shiga cikin wayoyi, ya yi ta rarrafe har ya kai ga kwamfutar motar, ga rufin da ke naɗewa da nasa man da nasa yoyon. 350Z jaruma ce, V6 mai lita 3.5, amma cikinta a ƙasa yake, kuma tankinta ba ya jin ƙoshi. RX-8 tun daga masana'anta aka tsara ta ta riƙa ƙona baƙin mai, kuma ka faɗa min wa zai buɗe maka injin da ba shi da fistin a Garwa. Toyota 86 ta 2012 zuwa sama ina sonta, sai dai injin Subaru ne a ciki, kuma ita ma fetur mai tsabta take nema.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka je ganinta hannu rabbana. Ka sayi ƙaramar mitar auna wuta, irin wadda masu gyaran waya da sola ke riƙewa, ka ɗauki tocila da kwalin da babu datti. Ka ce wa mai mota kada a tayar da ita kafin ka iso, kana zuwa kuma ka ɗora hannu kan inji. In da ɗumi, tambaya ta farko ke nan.

Murza makulli ba tare da ka tayar ba. Dole fitilar batir da ta mai su kama ja, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ko ƙwan ya ƙone ko an rufe mata baki. Sai ka sa mita a kan batir. Cikakken batir da ya huta yana ba da volt 12.6, in ka ga 12.0 ya kusa ƙarewa. Idan kuwa ka ga 13 da wani abu alhali inji a kashe, ba lafiya ba ce, yanzun nan aka cire shi daga caji. Kunna fitilu na minti biyu, ka kashe, ka sake aunawa. Lokacin tayarwa kada ya faɗi ƙasa da 10 sosai. Inji na aiki, ana son ganin tsakanin 13.5 da 14.7. Daga nan ka ɗora mata kaya: manyan fitilu, na'urar sanyi, fanka, rediyo, ka ɗan taka wuta zuwa juyi 2,000. In ta riƙe sama da 13, madalla. In tana zamewa zuwa 12 da ɗoriya, batir ne ke ciyar da motar, irin abin da ya kwanar da ni a Mbe. In ta haura 15, regileta mai daidaita wutar caja ya lalace, yana dafa batir. Za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokaci har gefen batir ya kumbura. A zafin Maris da Afrilu na Garwa, da rana ke wuce digiri 40, irin wannan batir ba ya ganin damina.

Akwai gwaji ɗaya da mutane ke mantawa. Juya mita zuwa wurin auna wutar AC, irin wutar gida, ka sa a kan batir, inji na aiki. In ta nuna kusan rabin volt ko fiye, diyod ɗin cikin caja, wanda ke mayar da wutar irin ta batir, ya tafi. Irin wannan caja tana iya yin kamar tana aiki da rana, da dare kuma ta tsotse batir, ka tashi da asuba mota ta ƙi tashi, ka yi ta zagin mai batir a banza. Kuma kafin ka yanke wa caja hukunci, duba kan batir ko ya yi farin gari, duba wayar da ta haɗa inji da jikin mota, duba fanbel ko ya saki ko ya jiƙe da mai. Na ga mutum ya sayi caja har biyu, ashe noti ɗaya ne ya kwance.

Don Allah, in wani ya ce bari ya cire kan batir inji na aiki "a ga ko za ta mutu", ka riƙe masa hannu. Wannan dabarar zamanin Peugeot 504 ce. A motar da ke da kwamfuta, wutar da za ta yi tsalle tana iya ƙona abin da ya fi cajar tsada.

Wajen yoyo, injin da ya fi tsabta shi ya fi ba ni tsoro. Motar da ta shekara ashirin, ta bi ƙurar hanyar Marwa, a ce babu ko maiƙo a jikinta? An wanke ne saboda kai. Ka tuƙa ta minti talatin har ta yi zafi sosai, ka ajiye, ka shimfiɗa kwali a ƙasa, ku je ku sha shayi. Baƙi ko ruwan ƙasa, man inji ne. Ja, galibi na giya ko na sitiyari. Kore ko ruwan hoda mai ɗan santsi, ruwan lagireto. Fari tas, ruwan na'urar sanyi ne, ba komai. Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana tura shi baya, don haka inda ya ɗiga ba nan ne gidansa ba. Bi sawunsa da tocila har wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Baba yana da dabara: ya wanke wurin, ya bar shi ya bushe, ya barbaɗa hodar jarirai, ya tayar da inji. Cikin minti goma sai ka ga baƙin layi ya fito cikin farin kamar an zana da alƙalami. In daga murfin sama ne, ƙaramin aiki. In kuma daga mahaɗar inji da giya yake ɗiga, sil ɗin baya ne, sai an sauke giya, ka rage kuɗin nan daga ciniki. Leƙa tukunyar mai ta ƙasa ma, domin waɗannan motoci gajeru ne, kuma tudun rage gudu ba ya jin tausayinsu. Buɗe murfin zuba mai: in ka ga abu kamar shayi da madara, ruwa ya shiga mai, maganar ta wuce yoyo. In kuma mai na tsattsafowa ta ko'ina lokaci guda, a duba bawul ɗin numfashin inji, PCV. In ya toshe, iska ce ke turo mai ta kowace kafa.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci. Akwai masu zuba mai mai kauri kamar zuma, har da na giya, don yoyo da hayaƙi su lafa na kwana uku. Zaro sanda, ka murza man tsakanin yatsu, inji na sanyi. Akwai masu shafa gam ja ko toka a bakin gasket ta waje. In ka ga gam ya tumbatso kamar an yi yaɓe, to ragowarsa tana ciki, kuma in ta ɓalle matatar famfon mai take toshewa. Akwai caja da za a fesa wa fentin azurfa, a liƙa mata takardar kamfanin Denso mai ƙera ta asali, a sa ta a sabon kwali, ciki kuwa gawayin ya cinye saura ƙiris. Ni na fi yarda da tsohuwar caja ta asali da aka ciro daga motar da ta yi hatsari, a canza mata gawayi da boris a gabana, da wata "sabuwa" mai arhar da ba ta da dalili. Ko daga Camp Yabassi, unguwar masu kayan gyaran mota ta Duwala, aka aiko maka, a ɗaura a auna kafin ka sallami kowa. Batir ma haka: ana wanke tsoho, a goge ranar ƙira, a naɗe shi a leda. Baƙin mai kuwa, jarkokin da muke yarwa a garaji su ake tsincewa a sake cika su da abin da Allah kaɗai ya sani. Ni in na juye mai, huda jarkar nake yi da wuƙa kafin in jefar. Dillalin da ya ce maka "Alhaji, ai ba ma yarda a sa mita, sai an biya", ya riga ya gaya maka sakamakon gwajin.

Ƙanen matata ya saurara har na gama, ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, Z4 ɗin fa in an canza gasket ɗin?" Na ce ana canzawa, kuma in an yi da kyau tana zama lafiya, sai dai ya tambayi kansa kwana nawa zai jira kaya daga Duwala duk lokacin da ta yi atishawa. Mun yi da dillalin zai kawo Celicar Ngaundere ranar Asabar. Na ce a bar ta ta kwana a kashe, kuma da safe za mu taso, ba da magariba ba. Mita da kwali suna cikin but tun jiya, hodar kuma ta 'yar autata ce, uwarta ba ta sani ba tukuna.