Sonatar Debussy: rikodin ɗin 1940 ko na Chung da Lupu?

Mutane sun dame ni da tambaya, wai sonatar Claude Debussy, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, wato kiɗan da ya rubuta wa goge (violin) da fiyano, wanne rikodin ya kamata su nema. Kiɗan dai na 1917 ne, shi ne babban aikinsa na ƙarshe kafin ya rasu a 1918, kashi uku, bai ma kai minti sha biyar ba. Rikodin biyu zan kwatanta.

Na farko Joseph Szigeti ne da goge, Béla Bartók, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Hungary, a fiyano, a babban ɗakin karatu na Library of Congress da ke Washington a 1940, gaban jama'a aka ɗauka ba gyara. Gaskiya sautin ya tsufa, akwai shuuu ɗin nan na tsohon faifai, kuma gogen Szigeti wani wurin da kaushi yake fita kamar zai karce maka kunne, amma fa zafin da suke kiɗan da shi ba wasa ba, ga shi Bartók ne da kansa yake danna fiyanon, wannan kaɗai ya isa dalili.

Na biyu Kyung Wha Chung 'yar Koriya ta Kudu ce da goge, Radu Lupu ɗan Romaniya a fiyano, kamfanin Decca, a situdiyo. Tsaf yake, hannun Lupu da laushi sosai, ko inda aka yi ƙasa-ƙasa kana jin komai. A faifan an haɗa shi da sonatar wani mai tsara kiɗan, César Franck.

Maganar kuɗi kam, in a intanet za ka saurara, duk data ce kawai.

In yanzu ka fara jin irin wannan kiɗan, ko da sifikar waya kake saurare, ɗauki na Chung. Wanda kunnensa ya saba kuma yana da iyafis mai kyau, ƙarar tsohon faifai ba ta damunsa, na 1940 nasa ne.